Yadda ɗan koyo zai gane zaurancen masu gyaran fiyano a Amurka

Wanda ya shiga koyon gyaran fiyano a Amurka, musamman a New York, zai tarar maganar ma'aikata ta sha bamban da abin da ke cikin littattafan koyarwa. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne raba kalmomin gida biyu: masu bayyana aiki ko lahani, da masu ɗauke da ra'ayin mai magana game da kaya ko mutum.

Kashi na farko ba ya son cinke, don haka ɗan koyo ya roƙi maigidansa ya nuna masa kowanne a jikin fiyano. Idan aka ce "pitch raise", ana nufin wayoyin, waɗanda yawansu ya kai wajen 230, sun saki saboda an daɗe ba a taɓa su ba, sai a ja su gaba ɗaya zuwa ma'aunin A440, wato sautin A mai karkarwa sau 440 a daƙiƙa, kafin saitin ƙarshe, domin jan wasu yakan sassauta na kusa da su. "False beats" kuwa karkarwar sauti ce da ke fitowa daga waya guda, sau da yawa saboda ƙusar da ke riƙe ta ta yi sako-sako. "Birdcage" tsohon fiyanon tsaye ne irin na Ingila, wanda sandunan ƙarfe suka tare gabansa kamar keji, kuma masu gyara da yawa ba sa marmarin ganinsa.

Kashi na biyu nan ne ake jin kalmomin Yidish. Harshen Yahudawan gabashin Turai ne, da suka yi ƙaura zuwa Amurka da yawa tsakanin 1880 da 1924, kuma kalmominsa sun bazu a Turancin New York baki ɗaya kafin su shiga kowace sana'a. "Schmutz" dattin da ke taruwa ƙarƙashin wayoyi ne, "schlep" jidon kaya mai nauyi, "schlock" kayan banza mai araha, "maven" kuma gwani. Haruffan "sch" ana furta su "sh".

Waɗannan sai ya daɗe yana saurara kafin ya ɗauka, domin "maven" kan zama yabo ko ba'a, gwargwadon muryar da aka faɗe ta. A gaban mai kaya kuwa ya kama bakinsa: kiran fiyanon da mutum ya gada "schlock", ko "PSO", wato abu mai siffar fiyano kawai, hanya ce ta rasa aiki. A takardar kuɗi ya rubuta lahanin da sunansa na fili.