Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin ruwan maɓuɓɓugar zafi

Ruwan da ke ɓuɓɓugowa da zafinsa ɗan aike ne daga ƙarƙashin ƙasa, sai dai ya sha tsayawa a hanya kafin ya iso. Yawancin kurakuran masu nazarinsa daga manta wannan suke tasowa.

Sabon shiga yakan tsoma ma'aunin zafi a bakin maɓuɓɓuga, ya ɗauka ya san abin da ke ƙasa. Ina! Tafkin Champagne da ke Waiotapu a Niyu Zilan bai wuce digiri 75 a sama ba, alhali ruwan da ke ciyar da shi daga can ƙasa ya kai wajen 260. Zafin ƙasa daga sinadaran da ruwan ya ɗauko ake lissafa shi, musamman silika (sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu), da kuma yawan sodiyam idan aka gwada shi da fotasiyam.

To amma silikar nan tana da saurin guduwa. Da zarar ruwa ya huce a kwalba sai ta fara dunƙulewa, kafin a kai ɗakin gwaji wani kaso ya fice daga lissafi, sakamako ya nuna zafi ƙasa da na gaskiya. Maganin ba wuya: a surka samfurin da tataccen ruwa marar sinadarai nan take, kaso ɗaya cikin goma, a rubuta hakan a jikin kwalbar. Mutum ya manta rubutawa, aikin ranar ya tashi a banza. Haka ma pH, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa, a wurin ake auna shi, don iskar kabon tana fita daga ruwan, lambar kuma ta hau. Samfurin da za a nemi ƙarafa a cikinsa sai an tace shi da matata mai ƙananan ƙofofi na mikiron 0.45 (mikiron kaso ɗaya ne cikin dubu na milimita), a ɗiga masa asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne zaɓen wurin ɗiba da ido. Ga kududdufi yana tafasa, laka na ɓulɓul, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin, sai kowa ya nufi can da kwalbarsa. Sau da yawa wannan ruwan sama ne kawai da tururi ya dafa. Iskar farar wuta, mai wannan warin, ta haɗu da iskar shaƙa ta zama asid, asid ɗin ya cinye duwatsun da ke gefe, don haka labarin bakin rami kaɗai yake ɗauke da shi. Wanda ake nema shi ne ruwa garau, mai yawan kulorayid (sinadarin da ke cikin gishiri), mai kwarara da ƙarfi, wanda pH ɗinsa ke kusa da 7.

Akwai kuma gauraya da ruwan sanyi a hanya. Magnesiyam ne ke tona asirinta, don ruwan da ya daɗe cikin zafi sosai kusan ba ya riƙe shi. Zanen kusurwa uku na sodiyam, fotasiyam da magnesiyam da masanin sinadarai Werner Giggenbach ya fitar a 1988 yana nuna samfurin da bai kamata a dogara da shi ba.

Idan sakamako ya dawo, kada a yi saurin kai shi ga lissafi. A fara tara cajin lantarkin sinadarai masu alamar ƙari, a gwada da na masu alamar ragi. In bambancin ya haura kashi 5 cikin ɗari, a sake gwajin da ragowar ruwan da aka ajiye.