Yadda za ka duba lasisin SDK kafin ka ɗora aikinka a kai

'Yan uwa masu haɗa manhaja a nan Katsina, musamman ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Hassan Usman Poli da suka fara karɓar aikin ƴan kasuwa da makarantun kuɗi, don Allah kafin ka sauke SDK, wato tarin kayan aikin da ake haɗa manhaja da su, ka fara rubuta kod ka tsaya ka karanta lasisinsa, domin duk abin da ka cusa cikin manhajar da za ka miƙa wa mai aiki sharuɗɗansa na bin ka har can.

Fara da buɗe folda ka nemi fayil mai suna LICENSE ko COPYING, wani lokaci da NOTICE a gefensa. In a Debian ko Ubuntu ka girka, leƙa /usr/share/doc/ ƙarƙashin sunan kunshin akwai fayil copyright. In kuma ka duba ko'ina babu lasisi sam, to doka ba ta ba ka izinin rabawa ba ko da a GitHub yake a buɗe, ka rabu da shi kawai.

In ka ga MIT ko BSD ko Apache 2.0 hankalinka ya kwanta, za ka iya sayar da manhajarka ka rufe kod ɗinka, abin da suke nema shi ne ka bar sunan masu haƙƙi da rubutun lasisin a ciki, Apache kuma ka haɗa da NOTICE in akwai. Cikin kayan haɗa manhajar waya, Flutter BSD ne, React Native MIT ne, a Flutter ma akwai showLicensePage da ke jero maka su a shafi ɗaya.

Inda nake so ka natsu shi ne GPL. Siga ta 2 ta fito 1991, ta 3 a 2007, kuma ƙa'idarsa ita ce in ka haɗa kod ɗinsa da naka ka ba wani, to wanda ka ba yana da haƙƙin karɓar kod ɗin gaba ɗaya a ƙarƙashin GPL ɗin, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Tura wa Alhaji mai shago a Ƙofar Ƙaura fayil ɗin APK ta WhatsApp shi ma rabawa ne fa. Ba a hana ka karɓar kuɗi ba, ni ina ganin tsari ne mai adalci, amma ka gaya wa Alhaji tun ranar ciniki kar daga baya a zo ana jayayya. LGPL ya fi sauƙi, irin wanda Qt ke da shi, kod ɗinka naka ne muddin mai amfani zai iya musanya laburaren, wato shiryayyen kod ɗin da ka aro, da wani. AGPL kuwa har wanda ke amfani da manhajarka ta intanet kawai yana da haƙƙin karɓar kod ɗin, kuma a nan masu buga rasit na PDF ke faɗawa, saboda iText, laburaren haɗa PDF, tun daga siga ta 5 AGPL ne, in ba za ka iya sharaɗin ba ka sayi lasisin kuɗi ko ka koma PDFBox mai Apache.

Sai ka bambanta kod da abin da ka sauke. Yawancin kod ɗin Android SDK Apache ne amma wanda Google ta haɗa ta ba ka sai ka amince da wata yarjejeniya tata daban, shi ya sa Debian ke gina nata daga tushe. Google Play Services rufaffe ne, F-Droid, rumbun manhajojin Android masu buɗaɗɗen kod, ba ta karɓar manhajar da ta jingina da shi. Java ma haka, OpenJDK GPL 2 ne da rangwamen Classpath wanda ya bar kod ɗinka a hannunka, shi kuwa Oracle JDK sharuɗɗansa sun sauya a 2019.

Kowane laburare ka ƙara ka rubuta sunansa da lambar sigarsa da lasisinsa a fayil ɗaya, har da waɗanda ya janyo a bayansa, a Gradle, kayan aikin da ke gina manhajar Android, umarnin dependencies zai nuna maka su, kuma duk lokacin da za ka sabunta siga ka sake dubawa don lasisi na canzawa tsakanin siga da siga.