Yadda Ake Rainon Shukokin Cikin Ɗaki Masu Juriya Ga Wanda Bai Taɓa Yi Ba

Wanda ya sayi shuka a tukunya karon farko yakan ɗauka cewa babban haɗarin da ke gabanta shi ne ƙishirwa, don haka sai ya riƙa ba ta ruwa safe da yamma kamar yadda ake yi wa lambun alayyafo. Bayan 'yan makonni ganyen zai fara zama rawaya, gindin ya yi laushi, ƙasar ta soma wari, shi kuwa ganin ta yi yaushi sai ya ƙara mata ruwa, ta ƙarasa mutuwa. Dalilin shi ne saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa tana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika ƙofofin nan kullum, saiwar takan ruɓe, ta kasa kai wa ganye ruwan da take kwance a cikinsa. A lambu rana da iska suna busar da ƙasa cikin sa'o'i, amma a cikin ɗaki tukunya tana iya riƙe danshi fiye da mako guda. Wannan bambanci shi ne abin da ya kamata sabon mai raino ya fara riƙewa kafin ya zaɓi kowace shuka.

Kafin a je wajen masu sayar da furanni, a fara duba hasken ɗakin da za a ajiye shukar. Da misalin ƙarfe goma sha biyu na rana, a ɗaga hannu a daidai wurin, a dubi inuwar da ya yi a ƙasa ko a bango. Idan inuwar ta fito sosai har ana ganin yatsu, wurin yana da haske mai yawa. Idan dishi-dishi ce, hasken matsakaici ne, idan kuma babu inuwa ko kaɗan, to babu shukar da za ta daɗe a nan, komai juriyarta. Tagar gabas ta fi dacewa, domin ranar hantsi ba ta ƙona ganye, ita kuwa tagar yamma a lokacin bazara tana bukatar labule mai shara-shara.

A ganina babu shukar da ta kai moda dacewa da mai koyo. Ita ce mai dogayen ganye masu kauri da ke tsayawa cak kamar takubba, da zane-zane kamar fatar maciji, wasu kuma da rawayar layi a gefe. Masana tsirrai sun daɗe suna kiran danginta Sansevieria, kafin a mayar da su cikin dangin Dracaena a 'yan shekarun nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne irin da ya fi yaɗuwa a gidaje da ofisoshin duniya asalinsa Afirka ta Yamma ne, daga Najeriya zuwa Kwango, kuma tun da daɗewa ana cire zare daga ganyen danginta a yi igiya da tsirkiyar baka. Juriyarta ta samo asali ne daga yadda take rufe ƙofofin ganyenta da rana, ta buɗe su da dare lokacin da iska ta yi sanyi, saboda haka ruwan da take asara kaɗan ne ƙwarai. Tana kuma ajiye ruwa a ganye da jijiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ban ruwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya ishe ta lokacin zafi, a damina kuwa tana iya yin wata guda. Wanda zai yi tafiyar Umara ko hutun ƙarshen shekara zai iya barinta a ɗaki ya dawo ya tarar da ita yadda ya bar ta. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, inda sababbi ke fitowa, domin daga nan ruɓewa ke farawa.

Mai bi mata ita ce Zamiyokulkas, wadda masu sayarwa ke gajarta sunanta su ce ZZ. Asalinta gabashin Afirka ne, daga Kenya zuwa Afirka ta Kudu, kuma ba ta bazu a kasuwannin duniya ba sai wajajen 1996, lokacin da masu gonakin furanni na ƙasar Holan suka fara yaɗa ta da yawa. Ganyenta yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, a ƙarƙashin ƙasa kuma tana da ƙullutu irin na dankali da ke ajiye ruwa. Tana jure ƙarancin haske ƙwarai, sai dai girmanta a hankali yake, kuma kuɗinta yakan fi na moda.

Ga wanda yake son ya ga abin da yake raino yana yaɗo da sauri, fotos ita ce amsa, wato mai ganye kamar zuciya da wasu ke kira shukar kuɗi. Daga tsibirin Mo'orea na tekun Fasifik ta fito, kuma tana da wani hali da ke taimakon mai koyo: idan ta ji ƙishirwa ganyenta yakan sunkuya, idan aka ba ta ruwa ya miƙe cikin 'yan sa'o'i. Alobera kuwa, 'yar uwar kabar giwa, tana son haske mai yawa, saboda haka wurinta bakin taga ne ko baranda; a ɗaki mai duhu ganyenta yakan sirance ya kwanta. Akwai kuma shukar gizo-gizo mai siraran ganye kore da fari, wadda ke fitar da 'ya'yanta a rataye.

Batun tukunya da ƙasa shi ne rabin aikin. Dole tukunya ta kasance da huda a gindi, komai kyawunta; idan an sayi mai ado marar huda, a dasa shukar a wata ƙarama mai huda, a zura ta a ciki, a riƙa fito da ita lokacin ban ruwa. Tukunyar ƙasa da maginanmu ke yi ta fi ta roba ga mai saurin ba da ruwa, domin jikinta yana tsotse danshi ya fitar da shi, kamar yadda randa ke yi. A rufe hudar da ɗan tsingaro don kada ƙasa ta zube, amma ba a bukatar jera tsakuwa a gindi, domin ba ta taimaka wa ruwa wucewa, wurin saiwa kawai take ragewa. Kada a yi amfani da laka ko ƙasar fadama ita kaɗai, domin takan daskare ta riƙe ruwa. A haɗa kashi biyu na ƙasar lambu da kashi ɗaya na yashi mai kauri da kashi ɗaya na taki wanda ya ruɓe sosai, a ƙara ɗan dakakken gawayi. Ga moda da alobera, a ƙara yashin ya kai rabin haɗin. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma jawo ƙudaje cikin ɗaki. Girman tukunyar kada ya wuce na saiwar da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe.

Wajen ban ruwa, yatsa ya fi kalanda aminci. A zura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan an ji danshi a jira, idan a bushe take a zuba ruwa sannu a hankali har sai ya fito ta hudar gindi. Bayan rabin sa'a a zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar, saboda saiwar da kuma sauro, wanda ƙwansa ke iya zama cikakken sauro cikin kimanin kwana bakwai zuwa goma a ruwan da ke kwance. Idan an ga farin ɓawo a saman ƙasa ko bakin tukunya, gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ne ke taruwa, kuma shi ne yakan sa bakin ganyen shukar gizo-gizo ya bushe. Maganinsa a tari ruwan sama a damina, ko a riƙa kwarara ruwa mai yawa ta cikin tukunyar lokaci-lokaci don ya wanke gishirin.

Hunturu yana zuwa da nasa aikin. Ƙura takan lulluɓe ganye ta tare haske, don haka a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da aka jiƙa, sau ɗaya a mako. Kada a shafa masa man gyaɗa ko madara don ya yi ƙyalli, domin maiƙon yana kama ƙura. A kuma nisanta shuka daga inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa kai tsaye. Idan an ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a hammatar ganye, a ware shukar daga sauran, a goge su da ruwan sabulu marar ƙarfi ko a fesa man darbejiya da aka sirka, a maimaita bayan mako guda.

Akwai gargaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba a gidan da ke da yara masu rarrafe ko kyanwa. Fotos da ZZ suna ɗauke da wasu ƙananan sinadarai masu kaifi kamar allura da ke sa baki da maƙogwaro zafi da kumburi idan an tauna, moda kuma tana iya jawo amai da gudawa. A ɗora su a sama inda hannu ba ya kaiwa, ko a zaɓi shukar gizo-gizo, wadda ba a san ta da guba ba. Sau da yawa kuma akan ji ana cewa shukokin nan suna tsarkake iskar ɗaki, ana kafa hujja da binciken da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989. An yi wancan gwaji ne a cikin ƙananan akwatuna rufaffu, kuma nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa tukunya biyu ko uku ba za su yi abin da buɗe taga ke yi ba. A raine su don kyawunsu da sanyin idon da suke bayarwa, wannan ma ya isa dalili.

Idan shukar farko ta yi wata shida lafiya, ba sai an sake zuwa kasuwa ba. A yanki reshen fotos ƙasa kaɗan da gaɓar da ganye ke fitowa, a tsoma a kwalbar ruwa, a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu. Cikin mako biyu zuwa huɗu saiwa za ta fito, sai a dasa. Moda kuwa ana iya yanka ganyenta gunduwa-gunduwa, tsawon kimanin santimita 10, a bar yankan ya bushe kwana biyu, a soke shi a yashi ta ɓangaren da yake ƙasa tun asali, domin idan aka juya shi ba zai yi saiwa ba. Sai dai wadda ta tsiro ta wannan hanya takan fito ba tare da rawayar layin gefe ba. Mai son layin ya dawwama sai ya zazzage tukunyar, ya raba jijiyar da wuƙa mai tsabta yadda kowane ɓangare zai tafi da ganyensa da saiwarsa, ya dasa, ya jira mako guda kafin ya ba su ruwan farko.