Ba ka taɓa ƙin biyan bashin kowa ba, amma banki ya hana ka lamunin gida: ga inda za ka duba

Rahoton da banki ke samu a kanka daga kamfanonin tattara bayanan bashi, irin su CRC, FirstCentral da CreditRegistry, tambaya ɗaya yake amsawa: in ka karɓi bashi kana biya? Mai ba da lamunin gida yana da wasu tambayoyi biyu da suka fi wannan nauyi a wurinsa. Albashinka zai ɗauki nauyin biyan har ƙarshe? In kuma abu ya ɓaci, zai iya sayar da gidan ya mayar da kuɗinsa? A waɗannan biyun yawancin masu nema suke faɗuwa.

Fara da lissafin kashi ɗaya cikin uku. Ƙa'idar da ake bi a lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, ita ce abin da za a riƙa cirewa duk wata kada ya wuce sulusin abin da kake samu. Kuma bankuna kan haɗa duk wani bashi da ke kanka a cikin lissafin. A ce kana ɗaukar naira 300,000. Sulusinsa 100,000 ne. In ƙungiyar ma'aikata tana cire 40,000, bashin babur yana cin 25,000, abin da ya rage 35,000 ne kacal. A ruwa kashi 6 cikin ɗari na shekara 30, wannan ba zai ɗauki bashin da ya kai naira miliyan 6 ba. Duk da ba ka taɓa makara wajen biyan babur ɗin ba, shi ne ya cinye maka gurbi. Gyaran shi ne ka ƙarasa ƙananan basussukan, ka karɓi takardar shaidar kammala biya, ka jira rahotonka ya nuna an rufe su, sannan ka nema. Ka kuma tuna da bashin da ka tsaya wa wani: in ya daina biya, kai za a waiwayo.

Shekaru ma lissafi ne. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, mai kula da NHF, yana ba da wa'adin da ya kai shekara 30, amma dole a gama biya kafin ritaya, wato shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki ga yawancin ma'aikatan gwamnati. Bashin naira miliyan 10 a shekara 30 kusan 60,000 ne a wata. Wanda saura masa shekara 10 zai biya kusan 111,000, ke nan sai albashinsa ya kai wajen 333,000 maimakon 180,000. Babban ma'aikaci mai suna mai kyau kan faɗi a nan, ƙaramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce. Mafita: rage adadin da kake nema, ko ƙara kuɗin da za ka ajiye tun farko. Tun 2022 hukumar fansho, PenCom, ta yarda a ciri har kashi 25 cikin ɗari na asusun fansho don wannan kuɗin farko, in an yi wata 60 ana zuba maka kuma saura aƙalla shekara 3 ka yi ritaya.

Yanzu gidan kansa, kuma nan ne abin ya fi yawa a garuruwanmu. Takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da daraja a unguwa, amma banki ba ya karɓar ta a matsayin jingina. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, kuma ba a sayarwa ko jinginar da fili mai takardar mallaka sai da amincewarsa. Don haka gida zai iya samun C of O, wato wannan takardar mallaka, amma a ƙi shi, saboda sunan da ke jiki na mutum na farko ne, an sayar sau uku bayansa ba a yi rajistar ko ɗaya ba. Gidan gado ma haka: takarda na ɗauke da sunan marigayi, kotu ba ta raba ba, magada ba su sa hannu duka ba.

Kafin ka ba dillali ko sisi, sa lauya ya yi bincike a ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ya tabbatar da sunan mai mallaka, ko gidan yana jingine a wani banki, ko akwai shari'a a kansa, da ko an tara bashin kuɗin ƙasa. Ya nemi ganin izinin ginin gidan a hukumar tsara birni, ya duba ko an ƙara bene ko shaguna da ba sa cikin zanen da aka amince da shi. Kuɗin wannan bincike bai kai komai ba in aka gwada da kafin alƙalamin da zai maƙale a hannun mai gida.

Sai ƙima. Banki ba ya aiki da farashin da kuka daidaita da mai sayarwa, sai da abin da mai ƙiyasinsa ya rubuta. In an yi ciniki a miliyan 20, shi kuma ya ce miliyan 16, bankin da ke ba da kashi 80 cikin ɗari zai ba ka miliyan 12.8. Ka shirya wa cikon miliyan 4, ga shi ya zama 7.2. Gida a bakin kwata mai ambaliya, ko a lungun da mota ba ta shiga, ƙimarsa kan faɗi haka.

Ɗan kasuwa kuwa matsalarsa shaida ce. Ciniki da tsabar kuɗi da adashe ba sa fitowa a bayanin asusu, kuma kuɗi masu yawa da suka faɗo rana ɗaya gab da nema sun fi jawo tambaya fiye da yarda. Ka tattara cinikinka a asusu guda na wata 6 zuwa 12, ka yi wa kasuwancin rajista, ka tanadi shaidar biyan haraji.

Ƙananan abubuwa biyu da ke mayar da fayil baya: suna da ya bambanta, Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, Muhammadu a takardar aiki, da kuma kashi 2.5 cikin ɗari na albashi da ake cire maka don NHF amma ofishinku bai tura ba. Nemi bayanin asusunka na NHF ka ga aƙalla wata 6 a jere sun shiga.

Wanda ke guje wa ruwa ya nufi Jaiz ko TAJBank zai tarar da tsarin ijara, wato haya, ko haɗin gwiwar mallaka, amma binciken albashi da na takardun gida suna nan yadda suke. In an ƙi ka a ko'ina, nemi dalili a rubuce, ka gyara shi kafin ka kai fayil wani banki, domin duk sabon nema sai an sake caje ka kuɗin ƙiyasi da na lauya.