Kafin ka yi sharhi a kan littafin wani

'Yan'uwa marubuta, in an ba ku sabon littafin labari ku yi sharhi, kada ku rubuta komai ranar da kuka gama shi. Ku bari ya kwana biyu tukuna.

Ni a trotro, wato motar haya ta Ghana, nake karatu, daga unguwar Nima zuwa unguwar Madina a Accra, fensir a hannu. Duk inda hankalina ya bar takarda ya koma kan masu tallar ruwa, sai in ja layi, don a nan labarin ya yi sanyi. Wannan shafin nake ambata da lambarsa, maimakon "littafi ya yi daɗi" kawai.

Kuskuren rubutu kuwa, a tura wa mai shi ta WhatsApp. Bara na fallasa na wata 'yar'uwa a bainar jama'a, har yau gaisuwarmu sama-sama ce.