Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sake shimfiɗa layin ƙaramin jirgin ƙasa a lambu

Duk shekara idan sanyi ya ja baya a nan Ingila, sai an sami wanda zai kira ni in zo in duba masa layin ƙaramin jirgin ƙasansa na wasa da ya sake shimfiɗawa a lambun bayan gida. Kafin in isa na san abin da zan tarar. Dogo sabo fil yana ƙyalli, an jera 'yan gidaje da tasha, amma jirgi ba ya iya zagaye ɗaya bai sauka daga kan layi ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ni ɗan Zariya ne, da ƙarar jirgin ƙasa na tashi a Sabon Gari. Abin da nake kwaikwaya a lambuna shi ne ƙaramin layin nan na Bauci da ya haɗa Zariya da Jos, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda aka rufe a 1957. Dogon da nake amfani da shi mai faɗin milimita 45 ne, irin wanda kamfanin LGB na Jamus ya yaɗa tun 1968. Masu dogon milimita 32, waɗanda ke kwaikwayon layuka irin na Ffestiniog a yankin Wales, su ma maganar ta shafe su.

Babban kuskure, wanda ya fi ci mini kuɗi da rai, shi ne ɗora sabon dogo a kan tsohon tushe. Mutum zai ga layinsa ya lalace, sai ya ɗauka dogon ne ya tsufa. Ya ɓamɓare, ya sayo sabo, ya shimfiɗa a daidai inda tsohon yake, bai tambayi kansa abin da ya kashe na farkon ba. Haka na yi. Ƙasar lambuna yumɓu ce. Da hunturu takan sha ruwa ta kumbura, idan ƙanƙara ta kama ta sai ta ɗaga duk abin da ke kanta, da bazara kuma ta bushe ta tsage ta lotsa. A ginin farko yashi na zuba da tsakuwar rafi a ɗan rami marar zurfi, kuma a kan wannan ramin na mayar da sabon dogo, don ina ganin tona sabo ɓata lokaci ne. Hunturu ɗaya kawai ya yi. A wata kwana kusa da shinge, gefen ciki ya tashi sama, na waje ya nutse. Ido bai gani ba. Kan jirgina mai tururi, wanda na yi shekara biyu ina tara kuɗinsa, ya shigo kwanar da wutar gas a cikinsa da tarago biyar a bayansa, ya kife a kan dutse. Bututun hayaƙinsa ya lanƙwashe, sandar da ke juya ƙafafunsa ta karkace, fentin gefe ɗaya ya ƙone. Wata huɗu yana wurin gyara. Har yau idan na wuce wannan kwana sai gabana ya faɗi.

Abin da nake yi yanzu: in tona rami mai zurfin santimita 15, faɗinsa ya ɗara na dogon da tafin hannu ta kowane gefe. In shimfiɗa yadin nan da ke hana ciyawa tsirowa amma yake barin ruwa ya wuce, in cika da fasasshen dutse, in daddaƙe shi sosai. Sannan in ƙyale shi ya ci hunturu ɗaya cur ba dogo a kansa. A nan ne mutane ke ƙin jin magana, wai ba za su iya jira ba. To wanda bai jira wata biyar ba, shi ne zai sake aikin shekara biyu. Tsakuwar sama kuwa dole ta zama mai kaifin baki, ƙanana, don su ne ke cije juna su riƙe dogon. Tsakuwar rafi mai santsi mirginawa take yi, ba ta riƙe komai. Akwai masu zuba kankare ko jera bulo, kuma na ga layukan da suka daɗe a haka. Ni dai na fi son dogo ya kwanta a kan tsakuwa kamar na babban jirgi, don idan wuri ya lotsa, cokali biyu na tsakuwa sun gyara shi.

Katakon falai da na garin katako da aka matse, kada su kusanci lambu, ko an shafa musu fenti. Ruɓewa za su yi.

Kuskure na biyu shi ne matse dogo ba a bar masa wurin miƙewa ba. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai, domin lissafinsa ɗan firamare ma zai yi. Mita ɗaya ta dogon tagulla tana ƙaruwa da kusan milimita 0.019 duk lokacin da zafi ya hau da digiri ɗaya. Ka shimfiɗa layi mai mita 30 a watan Maris ana digiri 10, ka manna bakin kowane dogo da na gabansa, ka kafe su da kusoshi. Ranar da ƙarfen ya kai digiri 50 a cikin rana, layin ya ƙaru da fiye da santimita biyu. Ina kake so wannan tsawon ya tafi? Kuma kada wani ya ce mini Ingila ba ta zafi. Ranar 19 ga Yuli, 2022 an auna digiri 40.3 a Coningsby, ƙarfen da ke kwance a rana kuwa ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. A wannan makon na je lambun wani abokina da ya gama sabunta layinsa a farkon shekarar. Miƙaƙƙen layin da yake alfahari da shi ya koma kamar maciji, 'yan maƙalan roba da ke riƙe dogon duk sun tsinke. Na faɗa masa tun yana aikin, ya ce giɓi yana ɓata kyan layi. Haba jama'a! Ku je kowane tsohon layin dogo ku duba mahaɗarsa. Ƙarar nan da muke ji a ƙarƙashin tarago tun muna yara, giɓin da injiniyoyi suka bari ne da gangan.

Ni katin banki nake sakawa a kowace mahaɗa idan ina shimfiɗa dogo mai tsawon mita ɗaya a lokacin sanyi. Kaurinsa kusan daidai yake da abin da mita ɗaya za ta ƙaru a digiri 40. Idan da tsakar rana mai zafi nake aikin, ba na barin giɓi sosai, tunda ƙarfen ya riga ya miƙe. Kusa kuwa ba na bugawa sai a wurin sauya hanya da bakin gada.

Sai maganar hawa. Lambu ba ya rasa tudu da gangare, kuma ido maƙaryaci ne a kan wannan. A nemo ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, a ɗora shi a kan dogon katako, a auna ta tsawo da ta faɗi. Ba na yarda hawa ya wuce santimita biyu a kowace mita. Jirgi mai tururi ma shimfiɗaɗɗen wuri ya fi so: a hawa numfashinsa yankewa yake, a gangara kuma ya kwasa da gudu. Hawa a cikin kwana kuwa wahala biyu ce a haɗe.

Kwanar da ke zuwa cikin kwalin masu farawa, mai santimita 60 daga tsakiya, ta ƙaramin kan jirgi ce mai ƙafa huɗu. Tunda an riga an tone lambun, a buɗa kwanar iyakar yadda fili ya bari. Wanda ya mayar da matsattsiyar kwana, ranar da ya sayi dogon tarago zai sake tonawa.

Masu ba jirgi wuta ta cikin dogo, ku daina dogara da maƙalan mahaɗa. Shekara biyu a waje sun isa datti da tsatsa su shiga tsakani, jirgi ya riƙa tsayawa a can ƙarshen lambu. A tsallake kowace mahaɗa da guntuwar waya a like da dalma, a kuma ja waya mai kauri a ƙarƙashin layin tana ba shi wuta duk bayan mita uku. Taransfoma ta zauna a cikin ɗaki. Wutar gida mai ƙarfin volt 230 ba ta da hurumi a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma a kan wannan ba na sassauci ko kaɗan. Ni kam tuni na koma batir da tururi, na huta da goge dogo.

Kada a haƙa wa jirgi kogon wucewa wanda hannu ba zai kai tsakiyarsa ba. A can jirgi zai maƙale, kuma bushiya na son irin wurin da kaka, don haka a riƙa toshe bakinsa idan an gama wasa.

Kada a bi da layi ta gindin bishiya. Saiwa ta ɗaga shi, ganye ya rufe shi.

Tsohon dogon da aka cire kuma ba na juji ba ne. Tagulla ba ta ruɓewa. A wanke shi da ruwan sabulu da buroshi, a yanke bakin da ya lanƙwashe, a sauya masa maƙalai, a shimfiɗa shi a layin ajiye tarago inda jirgi ba ya gudu. Rabin dogon da ke tashata ta Zariya ta cikin lambu a yanzu daga ginin farko ya fito.