Yadda ake zana giraf ɗin kwadiratik ba tare da kuskure ba

Lissafin kwadiratik yana zuwa ne a siffar y = ax² + bx + c, zanensa kuma lanƙwasa ce da ake kira farabola. Kafin ka taɓa fensir, dubi a, wato lambar da ke manne da x². In ba ta da alamar ragi, zanen zai zauna kamar ƙwarya a buɗe. In tana da ita, zai kife kamar bakan gizon soro a cikin birnin Zazzau.

Ɗauki y = x² − 2x − 3. Fara da layin da ya raba zanen biyu daidai, wato x = −b/2a. A nan ya ba da 1. Mayar da 1 cikin lissafin, y ta zama −4, gindin ƙwaryar ke nan, (1, −4). Inda zanen ya yanka layin tsaye (na y) kuwa c ce kawai, −3.

Sai jadawali daga x = −2 zuwa 4. Amsoshin y su ne 5, 0, −3, −4, −3, 0, 5. Lura yadda lambobin suka maimaita kansu hagu da dama da −4. In naka bai yi haka ba, akwai ɓaraka, kuma sau da yawa daga kalkuleta take: ka danna −2² ba baka, ta ba ka −4 maimakon 4. Sa lambar cikin baka kullum, kamar haka: (−2)². Wannan ɗan sakacin yana cinye makin ɗalibai a WAEC da NECO.

Bi ma'aunin da aka ba ka, misali santimita 2 ga kowane 1 a layin kwance (na x). Ɗiga kowane wuri da fensir mai tsini, sannan ka haɗa su da lanƙwasa guda. Kada ka sa rula, kada kuma gindin ya yi tsini kamar V. Tsinken tsintsiya mai laushi yana wannan aikin sarai: lanƙwasa shi a kan ɗigogin, ka bi gefensa.

Zanen ya yanka layin kwance a −1 da 3, su ne amsoshin x² − 2x − 3 = 0. Tun farko b² − 4ac kan faɗa maka abin da za ka tarar. A nan 16 ce, don haka yanka biyu. Da sifili ce, taɓawa ɗaya zai yi. Da ta gaza sifili, ba zai taɓa layin kwancen ba sam.